Ɗigo-ɗigo da jinkirin renda a Blender: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne suka fi yawo a tsakanin masu haɗa hoton gini, tallar kaya da katun da manhajar Blender, musamman masu renda, wato sa kwamfuta ta lissafa ta fitar da hoton ƙarshe, da injin Cycles da ke cikin manhajar. Sunayen maɓallai an bar su yadda suke a rubuce cikin manhajar, don kada mutum ya sha wahalar nema. Mai aiki da wasu injinan renda, kamar V-Ray ko Arnold ko Corona, ma zai ƙaru, domin tushen matsalar ɗaya ne, sunaye ne kawai suka bambanta.

Me ke kawo ɗigo-ɗigon nan? Kwamfutata ce ba ta da ƙarfi?

A'a. Kwamfuta mai tsada da mai araha, in aka ba su fayil ɗaya da saiti ɗaya, kusan hoto ɗaya za su fitar, da ɗigonsa da komai. Bambancin dai wata ta riga wata gamawa.

Ɗigon daga salon lissafin yake. Cycles bin sawun haske yake yi. Daga kyamara yakan harba zaren haske ta cikin kowane fiksel, wato ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama hoto, zaren ya bugi bango, ya karkata wani gefen da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, ya sake bugun wani abu, har ya tarar da fitila ko sararin sama, ko kuma ya mutu a hanya bai samo komai ba. Harbi ɗaya shi ne samfur ɗaya. Launin fiksel kuwa matsakaicin abin da samfuran suka kawo ne. Kamar mai son sanin kuɗin mudun gero ne a kasuwa: in mutum uku ya tambaya, amsarsa za ta sha bamban da ta maƙwabcinsa da ya tambayi wasu ukun, amma in kowannensu ya tambayi ɗari, sai bakinsu ya kusa zuwa ɗaya. Fiksel biyu da ke jere, kowanne da tasa ƙuri'ar, saɓanin da ke tsakaninsu shi ne ɗigon da ido ke gani.

Dabarar ba sabuwa ba ce. James Kajiya ne ya shimfiɗa ta a 1986, ya jingina ta da lissafin Monte Carlo da su Stanislaw Ulam da John von Neumann suka yi aiki da shi a Los Alamos ta Amurka cikin shekarun 1940. Cycles kansa ya shigo Blender ne a sigar 2.61, a Disamban 2011, aikin Brecht Van Lommel.

To, in ƙara yawan samfur mana, ba shi ke nan ba?

Zai yi aiki, amma shi ne magani mafi tsada, kuma shi ya kamata a ajiye a ƙarshe. Dalili: don ɗigo ya ragu da rabi, sai an ninka samfur sau huɗu. Daga 100 zuwa 400, rabi ya tafi. Ana son wani rabin, sai 1600. Wani rabin kuma, 6400. Lokaci kuwa yana ninkuwa daidai da samfur, ba ragi. Shi ya sa za ka ga mutum ya kai samfur 8000, kwamfuta ta kwana tana huci, da safe kusurwar ɗakin na nan da yashi-yashinta.

Tambayar da ta fi amfani ita ce: me ya hana zaren haske samun fitila? In aka gyara wannan, samfur 300 kan yi abin da 3000 suka kasa.

Ina zan fara duba a fayil ɗina?

Fara da fitilu. Fitilun Blender na asali, wato Point, Spot, Area da Sun, injin ya san inda suke, a kowane karo yana iya miƙa zare kai tsaye ya duba ko akwai abin da ya tare su. Matsala na farawa ne idan aka ɓoye haske a inda miƙaƙƙen zare ba zai kai ba: ƙwan fitila a cikin kwalbar gilashi, haske a bayan labule mai kauri, ko fitilar da aka cusa cikin rufi tana leƙowa ta siririn tsagi. A nan sai dai a dace, kuma dace ba ya yawa.

Gyaran ba wuya. Ka bar ƙwan da ake gani ya zama ado, ƙarfinsa kaɗan, sannan ka ajiye fitilar Area ko Point a wajen gilashin ta yi ainihin aikin haskawa. Mai kallo ba zai gane ba.

Sai fentin bango. Masu koyo kan sa fari fat, wato 1.0, alhali babu bangon da ke mayar da duk hasken da ya sauka a kansa. Ka tsaya a wajen 0.8. Haske zai daina yawo ba iyaka, inuwa ma za ta fi kama da ta gaske.

Idan fitilu sun yi yawa, kamar titin dare ko zauren biki, ka tabbata Light Tree na kunne. Tun sigar 3.5 ta 2023 aka kawo shi, aikinsa ya sa injin ya fi kula da fitilun da ke kusa kuma masu ƙarfi, ya daina ɓata samfur a kan wadda ke can ƙarshen layi.

Hoton waje na fita tas, amma na cikin ɗaki kullum da datti. Me ya sa?

Saboda a waje duk inda zare ya nufa sama zai tarar, a ɗaki kuwa sai ya dace da taga. Wannan ce matsalar da ta fi damun masu hoton gini, kuma tana da magani fiye da ɗaya.

Na farko shi ne Portal. Ka ɗauki fitilar Area, ka daidaita ta da faɗin taga, fuskarta na kallon ciki, ka kunna Portal a saitinta. Ba ta ba da haske, nuni kawai take yi wa injin cewa ta nan sama take. Amma a lura, hasken sararin sama da na HDRI, wato hoton kewaye da ake haska fage da shi, take taimakawa, ba ruwanta da fitilar Sun.

Na biyu, gilashin taga. Gilashi na gaske na karkata haske, kuma da zarar ya karkata, zaren da aka miƙa kai tsaye ya toshe, sai ɗakin ya yi duhu ya cika da ɗigo. Ga tagar gida babu mai buƙatar wannan karkatar. Ko dai ka kashe Shadow a Ray Visibility na gilashin, ko ka haɗa Glass da Transparent ta hanyar Light Path, yadda kyamara za ta ga gilashi amma haske ya wuce kamar babu komai. In tagar ba ta cikin abin da kyamara ke gani, cire gilashin gaba ɗaya. Haka ma bangon da ke bayan kyamara: masu ɗaukar fim na gaske kan gina ɗaki mai bango uku, ba abin kunya ba ne.

Na uku shi ne Path Guiding, wanda ya shigo a 3.4 a ƙarshen 2022. Yana koyon inda haske ke fitowa yayin da ake renda, ya riƙa tura zare can. A ɗakin da haske ke shigowa ta lungu yana taimakawa ƙwarai. Sai dai an gina shi ne don furosesa (CPU), don haka mai katin hoto (GPU) mai ƙarfi zai iya tarar da cewa katin, ko ba wannan dabarar, ya riga shi gamawa. A gwada duka biyun a kan agogo.

Waɗannan fararen tartsatsin da ba sa tafiya ko na ƙara samfur fa?

Su ne ake kira fireflies. Zare ɗaya cikin dubbai ne ya bi ta kan abu mai sheƙi ya faɗa kan ƙaramar fitila mai tsananin ƙarfi, ya dawo da adadin da ya rinjayi duk sauran. Matsakaicin fiksel ɗin ya lalace, kuma sai an tara samfur masu ɗimbin yawa kafin su danne shi.

A sashen Light Paths akwai Clamp, mai yanke duk samfurin da ya wuce iyaka. Indirect na zuwa a kan 10. Ka sauko da shi sannu a hankali, 5, ko 3, kana duba hoton. Kada ka taɓa Direct sai dole, domin shi ke dushe ƙyallin fitila da na ƙarfe, hoto ya koma fayau ba armashi. Kowane yanka asarar haske ne, in ka matsa da yawa ɗakin zai yi duhu.

A ƙasa kaɗan akwai Caustics guda biyu, Reflective da Refractive. Su ne walƙiyar da kofin gilashi ko ruwa ke zubawa a kan tebur. In hotonka ba a kansu ya dogara ba, kashe su. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

In rage Max Bounces? Zuwa nawa?

Max Bounces shi ne iyakar sau nawa zare zai bugi abu ya karkata. Jimillar na zuwa a kan 12, Diffuse 4, Glossy 4, Transmission 12, Transparent 8. Ga hoton waje ko tallar kwalbar turare a kan farin fage, Diffuse 2 ya wadatar. A cikin ɗaki kada ka rage shi, hasken da ke dawowa daga bango shi ne ran hoton. In kuma ka ga gilashi ya yi baƙi, ko ganyen bishiya na fitar da baƙin tabo, to Transmission ko Transparent ne ya yi kaɗan, ƙarawa za ka yi. Gaskiya ribar da ake samu a nan ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Mene ne Noise Threshold, kuma me ya sa rendata ke nuna 4096?

Tun sigar 2.83 Cycles ya iya daina aiki a kan fiksel ɗin da ya riga ya nutsu, ya mayar da ƙarfinsa inda da saura. Sararin sama kan gama da wuri, ƙarƙashin kujera ya ci gaba da karɓar samfur. Daga 3.0, wadda ta fito a Disamban 2021 da sabon ginin injin da aka kira Cycles X, wannan ya zama saitin asali: Max Samples 4096, Noise Threshold 0.01.

Wato 4096 rufi ne, ba lallai a kai shi ba. Abin da ke riƙe da linzami shi ne Threshold. Ƙaramin adadi, hoto mai tsabta da dogon jira. Babban adadi, saurin gamawa da ɗan ɗigo. In za ka bi da magogin ɗigo, wato Denoise mai share ɗigo bayan renda, 0.01 ya cika tsanani ga yawancin aiki. Gwada 0.03 ko 0.05, ka sauke rufin zuwa 512 ko 1024. Wurare masu duhu wani lokaci sukan yaudari injin ya tsaya da wuri, in ka ga dabbare-dabbare a inuwa sai ka ɗaga Min Samples zuwa 32 ko 64.

Akwai kuma Time Limit, inda za ka ce kowane firam, wato hoto ɗaya cikin jerin hotunan bidiyo, kada ya wuce daƙiƙa kaza. Ga mai aikin da aka yanke wa ranar bayarwa, wannan maɓallin ya fi duk sauran daraja.

Magogin ɗigo: OpenImageDenoise ko OptiX?

Dukansu an horar da su ne da tarin hotuna masu ɗigo da takwarorinsu masu tsabta, har suka koyi hasashen abin da ke ƙarƙashin dattin. OpenImageDenoise na kamfanin Intel ne, ya shigo Blender a 2.81 cikin 2019. OptiX na NVIDIA ne, kuma sai da katinsu yake aiki. A ganina, ga hoton ƙarshe na Intel ya fi riƙe ƙananan siffofi. Da can ana guje masa ne don jinkiri, amma tun 4.1 ta 2024 yana iya hawa katin hoto, wannan uzurin ya ragu sosai.

Abin da ya fi zaɓin muhimmanci shi ne a ba shi Albedo da Normal. Na farko na faɗa masa ainihin launin abu ba tare da haske ba, na biyu na faɗa masa inda fuskar abu ke kallo. Da su yake bambanta zaren kafet da ɗigo. In babu su, zai shafe saƙar atamfa da ƙwayar katako ya ɗauka datti ne.

Kuma a riƙa tunawa, hasashe yake yi. Abin da samfur ba su gano ba, ba zai ƙago shi daidai ba. Ka ba shi samfur 16 a ɗaki mai duhu, ya ba ka bango kamar an shafa man shanu, fuskar mutum kamar roba. Ga aiki mai muhimmanci, kunna Denoising Data, ka yi gogewar a Compositor, sashen gyaran hoto bayan renda, da Denoise, sannan ka gauraya kaɗan daga hoton asali, kamar kashi 10 ko 20 cikin ɗari. Ɗan ɗigo siriri na sa hoto ya yi kama da na kyamara.

Hoto ɗaya na fita lafiya, amma a bidiyo bango na rawa. Me ke faruwa?

Magogin na kallon kowane firam shi kaɗai, bai san na gabansa ba. Hasashensa a firam na 40 ya ɗan bambanta da na 41, in aka jera su sai ido ya ga bango na motsi kamar tafasar ruwa.

Babu maɓalli ɗaya da ke kashe wannan. Maganin farko dai a ba shi hoto mai ɗan tsabta tun asali, wato a ƙara samfur fiye da na hoto ɗaya tilo. Sai batun Seed, lambar da ƙuri'ar ke farawa da ita. Kusa da shi akwai alamar agogo. In ba a kunna ba, ƙuri'a ɗaya ake maimaitawa a kowane firam, sai dattin ya manne a allo kamar ƙura a kan gilashin kyamara yayin da hoto ke tafiya a bayansa. In an kunna, ɗigon na canzawa kamar na fim. Idan kyamara na tafiya kuma gogewar ba ta da yawa, kunnawa ya fi. Idan kyamara a tsaye take, barin sa a kashe kan rage rawar. Ka fitar da firam 30 ta kowace hanya ka kalla, hoto ɗaya ba zai nuna maka ba.

Hazo, hayaƙi, dishi-dishin motsi da na nisan kyamara duk suna ƙara wahalar. Hazon hunturu a bayan gari, misali, sau da yawa Mist a Compositor ya ishe shi, ba sai an cika fage da Volume ba.

Ina da katin hoto amma renda ba ta yi sauri ba.

Wuri biyu ake saitawa, mutane kan yi ɗaya su manta ɗaya. A Preferences, sashen System, ka zaɓi nau'in katin: OptiX ga NVIDIA RTX, CUDA ga tsofaffin NVIDIA, HIP ga AMD, oneAPI ga Intel Arc, Metal ga Mac. Sannan a saitin renda ka mayar da Device zuwa GPU Compute. Katunan RTX, tun fitowarsu a 2018, suna da sashe na musamman na bin zaren haske, kuma OptiX ne ke amfani da shi, mai RTX da ya zauna a CUDA yana cutar kansa. Haɗa furosesa da kati wuri ɗaya ba kullum yake ƙara sauri ba, in katin ya fi ƙarfi nesa, cire alamar furosesan ka gwada.

In laftof ce, a jone da caja za a yi renda, domin a kan batir tana rage wa kanta ƙarfi. Zafi ma haka. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, laftof da ke kan katifa za ta sassauta gudu don kada ta ƙone. A ɗaga ta a kan abu mai tauri, a busa ƙurar da ta toshe fanka, a bar dogon aiki sai dare.

Blender na ce mini memori ya cika.

Hotunan da aka lulluɓa wa abubuwa ne yawanci. Ɗaya mai 4096 a 4096 na iya cin megabayit 64 a kati, mai 8192 ya ci 256, komai ƙanƙantarsa a faifai. Kujerar da ke can nesa ba ta buƙatar haka. A Simplify akwai Texture Limit, sa shi 2048 ka ga ko ido zai gane. Rage Subdivision, mai rarraba jikin abu ƙanana-ƙanana don ya yi sumul. Abin da ke maimaituwa, kamar bishiyoyi ko kujerun zaure, a kwafe shi da Alt+D ba Shift+D ba, don su yi tarayya a jiki ɗaya.

Yaya zan san ko aikin zai gama kafin ranar bayarwa?

Da lissafi, tun kafin a fara. Tallar daƙiƙa 30 a firam 25 cikin daƙiƙa, firam 750 ke nan. In kowanne na cin minti 4, awa 50. In aka sauko da shi daƙiƙa 40, awa 8 da minti 20, dare ɗaya. Ka fara da awannin da kake da su, ka raba da yawan firam, abin da ya fito shi ne kasafin kowane firam, sai saiti ya bi shi.

Girman hoto na cikin lissafin. 1920 a 1080 fiksel miliyan 2 ne da 'yan kai, 4K ya ninka shi huɗu. Abin da za a kalla a WhatsApp ko Instagram ba ya buƙatar 4K, ko da mai aikin ya ji sunan ya yi masa daɗi. Lokacin gwaji, sa girman a kashi 50, wanda ke rage fiksel zuwa rubu'i, ko ka ja Ctrl+B a kan kusurwar da ta fi datti ka yi rendarta ita kaɗai.

Kuma ka kunna Persistent Data a sashen Performance. Ba tare da shi ba, injin na sake loda fagen a kowane firam. A fage mai nauyi lodin kan fi rendar kanta cin lokaci. Memori yake ci a madadin haka.

Wuta ta ɗauke a tsakiyar renda, na rasa komai. Akwai mafita?

Kada ka sake yin renda kai tsaye zuwa MP4. Fitar da jerin hotuna, PNG ko OpenEXR, kowane firam fayil ɗinsa. In wuta ta tafi a firam na 612, 611 na nan a ajiye. Cire alamar Overwrite, ka sake dannawa, zai tsallake waɗanda ya gama. Ka dai duba na ƙarshen, in bai cika ba ka goge shi. Haɗa su bidiyo daga baya aikin 'yan mintuna ne.

In ka ƙara da Placeholders, kwamfuta biyu ko uku za su iya aiki a kan folda ɗaya da suke rabawa, kowacce ta ɗauki firam ɗin da ba a taɓa ba.

Dole ne sai Cycles?

Ba dole. EEVEE, wanda ya zo da 2.80 a 2019 aka kuma sake gina shi a 4.2, salon wasannin kwamfuta yake bi, firam kan fita cikin daƙiƙoƙi. Gilashi da hasken da ke dawowa daga bango ba su kai na Cycles ba, amma ga katun da tambarin kamfani mai motsi ya isa har ya yi saura. Fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta katun a 2025, da EEVEE aka fitar da shi. Ana kuma iya raba aiki: bayan fage da ba ya motsi a yi shi sau ɗaya da Cycles, masu motsi a ɗora su a kai.

Gonar renda ta intanet fa, tana da amfani?

Gonar renda tarin kwamfutoci ne da ake tura wa aiki su raba firam ɗin a tsakaninsu. Tana da amfani idan lokaci ya ƙure. Akwai na kuɗi, akwai SheepIt ta kyauta, inda kake ba da aron kwamfutarka ta yi wa wasu aiki, ka tara maki, su ma nasu su yi maka. Kafin ka tura, haɗa duk hotunan cikin fayil ɗin da Pack Resources, in ba haka ba kaya za su dawo maka da launin hoda mai nuna an rasa hoto. Ka lissafa data, domin firam ɗari-ɗari na EXR ba ƙaramin saukewa ba ne. Sannan fayil ɗin zai bi ta kwamfutocin mutanen da ba ka sani ba, don haka zanen gidan wani ko kayan da ba a fitar kasuwa ba, a nemi izinin mai shi tukuna. Ka fara tura firam biyar daga wurare daban-daban na bidiyon, ka duba su da kyau, sannan ka saki sauran.